Harshen da Fada Ta Raina: Yadda Marubuta Suka Gina Ingilishi

Wajen shekara ta 1250 ta Miladiyya, da za a tara malaman ƙasashen Turai a tambaye su harshen da zai game duniya wata rana, da wuya a sami wanda zai ambaci Ingilishi. A cikin ƙasar Ingila kanta, Faransanci ne harshen fada da na manyan gidaje, Latin kuma shi ne na coci da makaranta da takardun mulki. Ingilishi an bar wa manomi da makiyayi da mai talla a kasuwa, kowane yanki da irin karin harshensa, har mutumin arewa yakan sha wuya kafin ya fahimci na kudu. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Jiragen ruwa da mulkin mallaka da arzikin Amurka su ne suka yaɗa wannan harshe daga baya, amma kafin ya yaɗu sai da aka gina shi. Maginansa kuwa marubuta ne, waɗanda suka ɗauki maganar titi suka sa ta cikin littafi, littafin kuma ya mayar da ita bakin jama'a da ƙarin nauyi.

Tushe da rushewa

Ƙabilun Angal da Sakson da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak a ƙarni na 5 su ne suka zo da kakan wannan harshe. Suna da mawaƙan fada masu wasa jarumai da siffantawa mai kama da kirari, kuma mafi shaharar abin da ya saura daga waƙoƙinsu shi ne «Beowulf», mai ɗango fiye da 3000. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, shi ma wuta ta lashi gefensa a gobarar da ta kama wani ɗakin ajiyar littattafai a Landan a 1731. Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya ga ilimin Latin ya yi ƙaranci a ƙasarsa bayan hare-haren mutanen arewa, sai ya sa aka fassara muhimman littattafai zuwa harshen jama'a, aka kuma soma rubuta tarihin ƙasa shekara bi shekara cikin Ingilishi.

Wannan gini ya rushe a 1066, lokacin da Wiliyam, mai mulkin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Ya raba ƙasa da muƙaman coci ga mutanensa masu jin Faransanci. Littafin tarihin da aka fara zamanin Alfred ya ci gaba da numfashi a gidan ibada na Peterborough har 1154, daga nan alƙalami ya tsaya. Harshen bai mutu ba, domin uwaye ba su daina yi wa ƴaƴansu magana da shi ba, sai dai ya rasa matsayinsa a kan takarda. A cikin wannan zaman raini ya zubar da yawancin ɗafe-ɗafen nahawunsa masu wahala, ya kuma haɗiye kalmomin Faransanci da masana suka ƙiyasta kusan dubu goma. Misalin da malamai suka daɗe suna bayarwa shi ne na dabbobi: saniya da tunkiya da maraƙi suna riƙe da sunayensu na Ingilishi muddin suna hannun makiyayi, wato «cow» da «sheep» da «calf», amma da zarar namansu ya hau teburin mai gida sai su koma «beef» da «mutton» da «veal», waɗanda duk mai jin Faransanci zai gane asalinsu. Ta haka harshen ya sami kalmomi hawa-hawa a kan ma'ana guda. Abin da ya shafi sarauta ana iya kiransa «kingly» da kalmar gida, ko «royal» da ta Faransanci, ko «regal» da ta Latin, kamar yadda Bahaushe yake da sani yake kuma da ilimi, kowace kalma da wurin da ta fi dacewa.

Zaɓin Chaucer

A 1204 sarakunan Ingila suka rasa Normandi. A 1337 aka soma dogon yaƙi da Faransa, wanda ya wuce shekara ɗari, Faransanci ya zama harshen abokin gaba. Annobar 1348 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ƙwadago ya yi tsada, talaka mai jin Ingilishi ya sami bakin magana. A 1362 majalisa ta yi dokar cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi, amma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Wannan ya isa ya nuna cewa har lokacin masu mulki ba su amince harshen zai iya ɗaukar magana mai nauyi ba.

Halin mawaƙi John Gower ya ƙara bayyana wannan shakka. Manyan littattafai uku ya wallafa, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Latin, ɗaya da Ingilishi, kamar mai shuka a gonaki uku don bai san inda ruwa zai sauka ba. Har yau mutum-mutumin da ke kan kabarinsa a cocin Southwark ya ta da kai da littattafan nan uku. Abokinsa Geoffrey Chaucer kuwa gona ɗaya ya zaɓa. Ɗan mai fataucin giyar inabi ne a Landan, ya yi wa fada hidima, an aike shi Italiya a 1372 da 1378, ya san ayyukan Dante da Boccaccio waɗanda suka yi rubutu da harshen garinsu, ya kuma shekara goma sha biyu yana aikin duwan a tashar jiragen ruwa ta Landan, inda yake jin bakin fatake da matuƙa da ƴan dako kullum. Ya iya Faransanci da Latin sarai, amma da Ingilishi ya gina dukan sunansa.

Wajen 1387 ya soma «The Canterbury Tales», labarin maziyarta kimanin talatin da suka haɗu a wani masauki za su ziyarci kabarin waliyyi Thomas Becket, suka yi yarjejeniyar ba da labarai don rage nisan hanya. Cikinsu akwai barde da mai niƙa da ɗan kasuwa da likita da matar da ta yi aure sau biyar. Kowannensu Chaucer ya ba shi murya irin tasa, barde da lafazi mai girma, mai niƙa da bakin mashaya, har wasu ɗalibai biyu ya sa su yi magana da karin arewa. Labarai 24 ya bari, bai kammala ba ya rasu a 1400. Ya nuna cewa harshe guda zai iya ɗaukar falsafa da addu'a da barkwanci. Bai tsaya ga adabi kaɗai ba: a 1391 ya rubuta wa ƙaramin ɗansa bayanin na'urar auna taurari cikin Ingilishi mai sauƙi, yana dogara da wani littafi da ake dangantawa da masanin taurari Masha'allah na Bagadaza. Kalmomi kusan dubu biyu ne aka fara ganin su a rubuce cikin ayyukansa. Akasarinsu tuni suna bakin mutane, shi dai ya ba su wurin zama a takarda.

Maɗaba'a da rikicin ƙwai

A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna Wiliyam Caxton, wanda ya koyo sana'ar ɗab'i a ƙetare, ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster, kuma labaran Chaucer suna cikin abubuwan da ya fara bugawa. Nan take ya ci karo da tambayar da mai kwafe littafi da hannu bai damu da ita ba: wane Ingilishi za a buga wa ƙasa baki ɗaya? A gabatarwar wani littafi da ya fitar a 1490 ya ba da labarin wasu fatake da rashin iska ya tsayar da jirginsu a gaɓar Kent. Ɗayansu ya nemi ƙwai wurin wata mata da kalmar mutanen arewa, «egges», matar ta ce ita ba ta jin Faransanci, bafataken ya husata don shi ma bai iya ba. Sai da wani ya faɗi kalmar kudu, «eyren», sannan ta gane. Caxton da waɗanda suka gaje shi sun jingina ga Ingilishin Landan da na magatakardan gwamnati, wannan kari kuwa shi ya zama ma'auni.

Maɗaba'a ta daskarar da rubutu a daidai lokacin da furucin wasula yake sauyawa ƙwarai a bakin jama'a. Kalmar «knight», wato barde, a zamanin Chaucer ana furta baƙaƙenta duka, yau kuwa rabinsu sun yi shiru amma suna nan a rubuce. Wahalar da ɗalibi yake sha wajen rubuta Ingilishi gado ce daga wancan zamani.

Mafassarin da ya biya da ransa

Tun 1409 hukumar coci ta haramta fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi ba tare da izinin bishop ba, saboda tsoron almajiran John Wycliffe da suka yi hakan a ƙarshen ƙarni na 14. Wiliyam Tyndale, malamin da ya yi karatu a Oxford, ya ƙuduri niyyar yaron da ke bayan garma ya fahimci littafin addininsa da harshen uwarsa. Ya nemi izini wurin bishop na Landan a 1523, aka hana shi, sai ya bar ƙasar, bai sake komawa ba. A birnin Cologne aka tona asirinsa ana tsakiyar ɗab'i, ya gudu da takardunsa zuwa Worms, inda Sabon Alkawari ya fito a 1526, fassara kai tsaye daga Helenanci. Fatake suka riƙa shigar da shi Ingila a ɓoye cikin dilolin tufafi, hukuma kuma tana ƙona duk wanda ta kama, har kwafi uku kacal suka saura daga wannan bugu. Ya koyi Ibrananci, ya fitar da littattafai biyar na Attaura a 1530. A 1535 wani da ya shige masa a matsayin aboki ya bashe shi a Antwerp, a watan Oktoba na 1536 aka shaƙe shi aka ƙona gawarsa a Vilvoorde, kusa da Brussels.

Tyndale ya fi son gajerun kalmomi na gida da jimloli masu tafiya kamar numfashi, don ya san yawancin mutane da kunne za su karɓi littafin. Inda harshen ba shi da kalma sai ya ƙera. Daga hannunsa «scapegoat» ta fito, sunan bunsurun da ake ɗora wa zunuban jama'a, wadda yau ake kiran duk wanda aka jibga wa laifin wasu da ita. Lokacin da Sarki Jemis na Ɗaya ya ba da umurnin sabuwar fassara a 1604, malamai kusan hamsin suka kasu rukuni shida a Westminster da Oxford da Cambridge. Aikinsu ya fito a 1611, kuma binciken zamani ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na Sabon Alkawarinsu maganar Tyndale ce, mutumin da aka kashe saboda ita shekara 75 kafin nan.

Dalilin tasirin wannan littafi a fili yake. Doka ta wajabta zuwa coci ran Lahadi, ana karanta shi da ƙarfi a kowane ƙauye, kuma a gidaje da dama shi kaɗai ne littafin da ake da shi. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya haddace salonsa. Masanin harshe David Crystal ya ƙirga a 2010 ya sami salon magana 257 da Ingilishin yau yake amfani da su daga wannan fassara, akasarinsu kuma sun riga ta, tun daga Tyndale da sauran magabata.

Dandalin Shakespeare

A ƙarni na 16 malaman Ingila sun yi ta jayayya kan aron kalmomi. Thomas Elyot yana ganin dole a yi aro daga Latin don a cike giɓi, John Cheke kuma yana ganin aro zai talauta harshen. Gardamar ba a teburin malamai ta ƙare ba, a gidan wasan kwaikwayo ta ƙare. Wiliyam Shakespeare, wanda aka haifa a Stratford a 1564, ɗan baduku mai ɗinkin safar hannu, bai shiga jami'a ba. A dandalin Globe da ƙungiyarsa ta gina a 1599, ɗan dako yakan biya kwabo ɗaya ya tsaya a fili, mai hali kuma ya zauna a rumfa, kuma dole wasa ya riƙe su duka biyun. Saboda haka sau da yawa yakan kawo kalmar Latin mai nauyi, ya bi ta da ta gida mai fassara ta, malami ya ji daɗi, ɗan dako ya ƙaru. Yakan mai da suna aikatau, kamar yadda ya ɗauki sunan gwiwar hannu ya yi aikatau da shi mai nufin ture mutum. Yakan haɗa kalmomi biyu su haifi ta uku.

An daɗe ana cewa ya ƙirƙiro kalmomi 1700. Tun da aka zuba tsofaffin littattafai cikin kwamfuta, an gano da yawa daga cikinsu a rubuce-rubucen da suka riga shi, adadin ya ragu ainun. Wannan bai rage masa daraja ba, domin gwanintarsa tana ga yadda ya ɗaura kalmomi da juna har suka zama karin magana a bakin waɗanda ba su taɓa ganin wasansa ba. Kaɗan ya rage rabin wannan dukiya ta salwanta. Ya rasu a 1616 ba tare da ya tattara ayyukansa ba, sai abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka buga wasanni 36 cikin kundi guda a 1623. Goma sha takwas daga ciki, har da «Macbeth» da «The Tempest», ba a taɓa buga su ba kafin nan.

Na bayansa sun ci gaba da zuba wa harshen kalmomi. John Milton, wanda ya makance ya riƙa shibta waƙarsa ana rubutawa, ya raɗa wa fadar shaiɗanu suna «Pandemonium» a 1667, yau kalmar tana nufin hargitsi. Sunan marowacin da Charles Dickens ya ƙaga a 1843, Scrooge, ya zama laƙabin kowane marowaci.

Ƙamus maimakon majalisa

Faransa ta kafa majalisar masana harshe a 1635, mai kujeru arba'in, wadda ta fitar da ƙamusunta a 1694. Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a Ingila a 1712, abin bai yiwu ba. Abin da Ingila ta samu shi ne Samuel Johnson, ɗan mai sayar da littattafai, wanda wasu masu maɗaba'a suka ɗauka aiki a 1746. Tare da mataimaka shida, a ɗakin saman gidansa a Landan, ya riƙa karanta littattafan magabata yana ja wa jimloli layi, su kuma suna kwafewa a guntayen takardu. Ƙamusun ya fito a 1755 da kalmomi fiye da dubu 42 da misalai fiye da dubu 110 daga marubuta. A wurinsa, hujjar ma'anar kalma ita ce yadda gwanayen harshe suka yi aiki da ita. Ya fara aikin da burin tsayar da harshen wuri guda, ya gama shi yana mai amincewa cewa babu ƙamusun da zai hana harshe mai rai sauyawa.

Babban ƙamusun Oxford a kan wannan turba ya tafi. An yi shawararsa a 1857, James Murray ya karɓi ragamarsa a 1879, dubban masu sa kai suka riƙa aiko da misalai ta gidan waya, aka kammala shi a 1928, shekara goma sha uku bayan rasuwar Murray. Ya ƙunshi kalmomi fiye da dubu 400, kowace da tarihinta, kuma babu marubucin da aka kafa hujja da shi kamar Shakespeare.

Abin da ginin ya danne

Ɗaukakar karin Landan ta jefa sauran cikin duhu. Waƙar «Sir Gawain and the Green Knight», wadda wani sa'an Chaucer ya tsara da karin arewa maso yamma, ta kwanta cikin kwafi guda ba a buga ta ba sai 1839. A wasu makarantun ƙasar Wales na ƙarni na 19 akan rataya wa yaro ɗan katako a wuya in an ji ya yi harshen uwarsa, irin abin da ƴan makarantar ƙasashen da Faransa ta mallaka suka sani da sunan «symbole». A 1835 Thomas Macaulay ya shawarci gwamnatin mallaka a Indiya ta mayar da kuɗin ilimi ga Ingilishi, yana mai wulaƙanta adabin Larabci da na Sanskrit. Harshen da aka taɓa rainawa ya koyi raina wasu, littattafan Shakespeare da Milton kuma suka shiga cikin kayan aikin mai mulki.

Duk da haka hanyar da Chaucer ya bi ba ta rufe ba. Chinua Achebe a 1958 ya lanƙwasa Ingilishi ya ɗauki karin maganar Ibo, Wole Soyinka ya karɓi kyautar Nobel a 1986. Ƙamusun Oxford, bisa ƙa'idarsa ta bin abin da aka rubuta, ya shigar da «Kannywood» a 2020, ya kuma shigar da «suya» a ƙarshen 2024.

Akwai abin lura ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu a cikin wannan tarihi, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa a watan Maris na 2025. Dokar 1362 ba ta fitar da Faransanci daga kotunan Ingila ba. Lauyoyi sun ci gaba da rubutu da shi har ƙarni na 17, kuma sai a 1733 wata sabuwar doka ta tabbatar da Ingilishi a takardun shari'a. A cikin shekaru 371 da ke tsakanin dokokin nan biyu, ma'aikacin duwan ya rubuta labaransa, ɗan kasuwa ya kafa maɗaba'a, mafassari ya rasa ransa, abokai biyu suka ceci wasannin mamaci daga ɓata. Lokacin da doka ta biyu ta zo, ta tarar an riga an gama ginin da ta farko ta yi alkawari.